Girgizar ƙasa: mu san sababinta kafin mu yanke wa mamata hukunci

 

A ranar 28 ga Maris, 2025, wadda ta kasance Juma'ar ƙarshe ta watan Ramadan, ƙasa ta motsa a tsakiyar Myanmar da misalin ƙarfe 1 saura minti 10 na rana. A wannan sa'a Musulmin Mandalay da na Sagaing suna masallatai da azumi a bakinsu, wasu na alwala, wasu sun riga sun zauna a sahu. Masallatai da dama suka rufta, ɗaruruwan masallata suka cika a ƙarƙashin ɓaraguzai. Waɗanda suka rasu a ƙasar baki ɗaya, Musulmi da mabiya addinin Buddha da sauransu, sun haura 3,000.

Mun fara da wannan rana ne saboda wata ɗabi'a da ta zama mana jiki. Duk lokacin da aka yi girgizar ƙasa a wani wuri, tun ba a gama tono gawarwaki ba, sai saƙonni su cika WhatsApp da Facebook ana lissafa zunuban mutanen wurin. Haka aka yi wa Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023, haka aka yi wa Maroko a Satumbar shekarar. Da ta Myanmar ta zo, wani matashi ya tare mu a ƙofar masallaci bayan karatun dare, ya ce, "Malam, to su waɗanda suka mutu a sahu ranar Juma'a cikin azumi, me suka yi?" Tambayar ta cancanci amsa, kuma laifin rashin amsarta namu ne, mu masu hawa mumbari, domin da yawanmu muna magana a kan girgizar ƙasa ba tare da mun taɓa zama mun karanta yadda take aukuwa ba. Ra'ayinmu shi ne wannan karatu ya zama dole a kan mai wa'azi da ɗalibi, saboda rashinsa yana kai mutum ga yi wa mamata ƙazafi, sa'an nan ya bar rayayyu cikin sakaci.

Daga inda muke tsaye zuwa tsakiyar duniya akwai tazarar kilomita kusan 6,370. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa, a yankin Kola na ƙasar Rasha, ya tsaya ne a kilomita 12 da ɗoriya. Abin da muke gini da noma a kansa ɓawo ne na dutse, wanda kaurinsa a ƙarƙashin teku bai cika wuce kilomita 10 ba, a ƙarƙashin manyan tsaunuka kuwa yakan kai 70. Ƙarƙashin ɓawon akwai dutse mai tsananin zafi da ya nutsa har zurfin kilomita 2,900. Daskararre ne, amma zafi da nauyin abin da ke kansa sun sa yana malala a hankali ƙwarai, yadda kwalta mai tauri takan malala idan rana ta daɗe a kanta. Can ciki kuma akwai cibiya ta baƙin ƙarfe, wajenta narkakke, tsakiyarta daskararriya.

Ɓawon nan, haɗe da saman dutsen da ke ƙarƙashinsa, ba guda ɗaya ba ne. Ɗan'uwa mai karatu ya ƙaddara ƙwaryar da ta fashe, gyartai ya harhaɗa sakainunta ya ɗinke: daga nesa ƙwarya ce cikakkiya, daga kusa kuwa ana ganin layin ɗinki. Masana suna kiran waɗannan manyan ɓangarori farantai. Akwai na Afirka, da na Larabawa, da na Indiya, da wanda ya ɗauki Turai da mafi yawan Asiya, da na tekun Pasifik, da wasu manya da ƙanana. Bambancinsu da sakainun gyartai shi ne su tafiya suke yi. A shekara sukan gusa santimita kaɗan, kwatankwacin yadda farcen mutum yake tsawo, kuma a yau ana auna wannan gusawa kai tsaye da na'urorin tauraron ɗan Adam. Abin da ke tafiyar da su shi ne zafin cikin ƙasa da nauyin farantan kansu: gefen faranti da ya tsufa ya yi sanyi yakan yi nauyi ya nutse, sai ya janyo sauran, kamar bargon da gefensa ya sauka daga kan gado ya ja ragowar zuwa ƙasa.

Wani Bajamushe mai suna Alfred Wegener ne ya fito da maganar tafiyar nahiyoyi a 1912, yana kafa hujja da abubuwa irin su yadda gabar Afirka ta yamma ta dace da gabar Amurka ta Kudu. Masana zamaninsa suka ƙi maganar, har ya mutu a 1930 ba a karɓa ba. Sai a shekarun 1960, da aka auna ƙasan teku, hujjoji suka taru har aka sallama. Kwarin Binuwai da ke ƙasarmu ma tabo ne na wancan rabuwa, tsaga ce da ta fara buɗewa lokacin da Afirka take rabuwa da Amurka ta Kudu, sa'an nan ta tsaya.

A wasu wurare farantai suna nisantar juna, kamar a Bahar Maliya, inda yankin Larabawa yake rabuwa da Afirka da kimanin santimita ɗaya a shekara. A wasu wuraren karo suke yi, ɗaya ya shige ƙarƙashin ɗaya kamar a gabar Indonesiya da Japan da Chile, ko su dunƙule su tashi tsauni kamar yadda Indiya ta tura Asiya tsaunukan Himalaya suka tashi. A wasu kuma gogar juna suke yi gefe da gefe, kuma irin wannan ce tsagar Sagaing da ta ratsa Myanmar daga arewa zuwa kudu.

To, a nan ne asalin maganar take. Da farantan suna zamewa sumul a kan juna, da babu girgiza mai kisa. Amma fuskokin dutsen da suka haɗu a tsaga suna da kaushi, ga nauyin kilomitoci na dutse ya danne su, saboda haka sai su cije. Can nesa faranti yana ci gaba da tafiyarsa, a bakin tsaga kuwa ya maƙale. Dutsen da ke tsakani sai ya riƙa tanƙwaruwa, yana tara ƙarfi shekara bayan shekara. Wanda ya taɓa karya ƙirare ya san wannan: kana lanƙwasa icen yana jurewa, babu ƙara babu motsi, har ya kai iyakarsa ya karye farat ɗaya, ka ji zafin karyewar a tafin hannunka. Haka tsaga take yi. Ranar da ƙarfin da ya taru ya rinjayi cijewar, sai ɓangarorin biyu su zame cikin daƙiƙoƙi, ƙarfin ya watsu cikin dutse ta kowace fuska. Wannan watsuwa ita ce girgizar da ake ji. Wani masani Ba'amurke, Harry Reid, shi ya bayyana haka bayan girgizar San Francisco ta 1906, da aka ga shinge da hanyoyin da suka ratsa tsagar sun rabu biyu, kowane rabi ya goce da mitoci.

Mu ɗora wannan a kan Turkiyya. Farantin Larabawa yana tura arewa, yankin Anatoliya da ya matsu a tsakani yana suɓucewa yamma. Tsagar gabashin Anatoliya, wadda ta karye da asubahin 6 ga Fabrairu, 2023, da ƙarfe 4:17, tana tara kimanin santimita ɗaya ne a shekara. A wannan asubahi ta tsage tsawon fiye da kilomita 300, aka wayi gari hanyoyin mota da layin dogo sun goce da mita 3 ko fiye a wurare da dama. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Mita 3 santimita 300 ke nan, wato abin da ya taru cikin ƙarnoni aka sauke cikin abin da bai kai minti biyu ba. Ƙarfin da ya rushe Antakya ya fara taruwa tun ba a haifi kakannin kakannin waɗanda suka mutu ba. Bayan sa'o'i 9 wata tsaga da ke kusa ta karye ita ma, domin idan wuri ɗaya ya sauke nauyinsa yakan ɗora wa maƙwabcinsa. Dalilin ƙananan girgizar da ke biyo bayan babba ke nan, har tsawon watanni.

Ƙarfin da ya watsu yana tafiya ne a matsayin igiyoyi iri-iri. Ta farko tana matse dutse tana saki, tana gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa. Ta biyu tana kaɗa shi gefe da gefe, gudunta ya ɗan ɗara rabin na farko, amma ta fi ta ɓarna. Sa'an nan masu bin saman ƙasa su iso a ƙarshe. Duk wanda ya tashi a ƙasar damina ya san ana ganin walƙiya kafin a ji tsawa, kuma gwargwadon jinkirin tsawar gwargwadon nisan hadarin. Haka na'urar auna girgiza take gane nisan inda abin ya faru, daga tazarar da ke tsakanin isowar igiya ta farko da ta biyu. Idan tashoshi uku suka ba da nisansu, sai a gano wurin a taswira. Da waɗannan igiyoyi ne kuma aka san cikin duniyar da ba wanda ya taɓa gani, kamar yadda mai sayen kankana yake ƙwanƙwasa ta ya saurara. Igiya ta biyu ba ta ratsa ruwa, da aka ga tana ɓacewa a wani zurfi sai aka gane wajen cibiyar narkakke ne. A 1936 wata masaniya 'yar Denmark, Inge Lehmann, ta gano daga irin waɗannan bayanai cewa akwai wata cibiyar a cikin cibiyar.

Lambar da ake faɗa a labarai, "maki 6.8" ko "maki 7.8", tana ruɗar mutane da yawa. Charles Richter ne ya fara tsara ma'aunin a 1935, an kuma inganta shi daga baya. Ƙarin maki ɗaya yana nufin ƙarfin da aka saki ya ninka kusan sau 32, ƙarin maki biyu kuwa sau 1,000. Ta Turkiyya mai maki 7.8 ta ninka ta Maroko mai maki 6.8 sau talatin da wani abu. Mafi girma da na'ura ta taɓa aunawa ita ce ta Chile a 1960, mai maki 9.5. Amma maki kaɗai ba ya faɗin yawan ɓarna. Girgizar da ta tashi kusa da saman ƙasa ta fi ta can ƙasa illa, kuma ƙasa mai laushi irin ta fadama tana ƙara kaɗawar. Birnin Mexico da aka gina a kan busasshen tafki ya sha mummunar ɓarna a 1985, alhali tsagar da ta karye tana nesa da shi da fiye da kilomita 300.

Yanzu a ɗauko taswirar duniya a ɗiga alama a duk inda aka yi babbar girgiza cikin shekara ɗari da suka wuce. Ɗigon ba zai watsu ko'ina ba, zai jeru ne a layi, kuma layin shi ne ɗinkin ƙwaryar nan. Mafi yawa suna kewaye da tekun Pasifik. Layi na biyu ya taso daga Maroko da Aljeriya, ya bi ta Italiya da Girka da Turkiyya da Iran da Afghanistan da Pakistan, ya gangara Myanmar da Indonesiya. Mai karatu zai lura cewa galibin wannan layi ƙasashen Musulmi ne. Aceh, wadda mutanen Indonesiya suke yi wa laƙabi da barandar Makka saboda riƙon addininta, ita ta fi kowa hasara a girgiza da ambaliyar teku ta 26 ga Disamba, 2004, wadda ta ci rayuka kusan 230,000 a ƙasashe fiye da goma. Masallacin Ƙudus yana kusa da tsagar da ta bi ta kwarin Urdun, girgiza ta rushe shi a tsakiyar ƙarni na 8 da kuma 1033, sarakunan Musulunci suka sake gina shi. Madina kanta ta yi kwanaki tana girgiza a shekara ta 654 bayan hijira, wato 1256, kafin wuta da narkakken dutse su ɓullo a gabashinta, kamar yadda malaman tarihi irin su Ibn Kasir suka rubuta. A ɗaya gefen kuma akwai biranen da suka yi suna wajen saɓon Allah a fili, suna zaune a tsakiyar faranti, ƙarni bayan ƙarni ko kofi bai faɗo daga kan tebur ba. Duk wanda ya mai da girgiza ma'aunin zunubi, wannan taswira za ta tilasta masa faɗin abin da shi kansa ba zai yarda da shi ba.

Magabatanmu ba su ɗauki binciken sababi a matsayin raunin imani ba. Ibn Sina ya tattauna girgizar ƙasa a cikin littafinsa Ash-Shifa, ya danganta ta ga iska da tururin da suke matsewa a cikin ƙasa, wanda shi ne bayanin masana tun zamanin Girkawa. An tambayi Ibn Taimiyya a kanta, sai ya rarrabe abu biyu da muke cakuɗawa a yau. Ya bayyana cewa abin da ke faruwa yana da sababi kuma yana da hikima: kasancewar girgiza aya da Allah yake tsoratar da bayinsa da ita yana ɓangaren hikima, a ɓangaren sababi kuwa ya ambaci matsewar tururin nan. A wurin ne kuma ya kira labarin san da wai yake ɗauke da duniya a ƙahonsa, idan ya kaɗa kai ƙasa ta motsa, da jahilci. Wasunmu mun ji wannan labari a bakin kakanni. Ibn Kasir shi ma ya sanya labarin dutsen Ƙaf da ya kewaye duniya cikin tatsuniyoyin Banu Isra'ila. Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya yi littafi guda a kan girgizar ƙasa mai suna Kashfus Salsala. Shi bai karɓi bayanin tururi ba, ya fi karkata ga ruwayar dutsen Ƙaf, kuma a nan ba mu tare da shi. Amma ya jera girgizar da aka yi a ƙasashen Musulmi shekara bayan shekara, har masana na yau suna komawa ga jerinsa don sanin tsagogin da suka taɓa motsi da lokacin da suka motsa. Bayanin tururi ya faɗi da aka sami na'urori, rarrabewar da Ibn Taimiyya ya yi kuwa tana nan daram.

Mun san abin da wani ɗan'uwa zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Alƙur'ani ya ba mu labarin mutanen Annabi Shu'aibu da na Annabi Salihu da girgiza ta halaka, da Ƙaruna da ƙasa ta haɗiye. An ruwaito cewa Madina ta girgiza a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya tashi ya yi wa mutane faɗa. Duk wannan gaskiya ne, ba ma kuma cikin masu cewa girgiza ba ta da alaƙa da Mahalicci. Shi Ya halicci tsagar, Shi Ya ƙaddara sa'ar karyewarta. Sai dai mun san cewa ta mutanen Shu'aibu azaba ce saboda wahayi ya faɗa, kuma wahayi ya yanke. Sayyidina Umar kuwa mutanen garinsa ya yi wa magana, rayayyu, a gabansa, kuma shi ma ƙasar ta motsa a ƙarƙashinsa. An ruwaito Umar ɗan Abdul'aziz ya rubuta wa garuruwa bayan wata girgiza yana umartar su da tuba da sadaka. Babu ɗayansu da ya zauna a gari mai lafiya yana nuna gawarwakin wani gari da yatsa. Hasali ma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa wanda gini ya rufta wa cikin shahidai. Amsar da muka ba matashin nan ke nan. Wanda Annabi (SAW) ya sanya a sahun shahidai, da wane ƙarfin hali wani zai tura saƙo yana kiransa abin azabtarwa?

Akwai kuma darasi a ranar da ɗan Annabi (SAW), Ibrahim, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka danganta husufin da rasuwar. Cikin baƙin cikinsa ya tashi ya gyara musu fahimta, ya nuna cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, sa'an nan ya umarce su da salla da addu'a da sadaka. A yau ana lissafa ranar husufi da mintinsa tun shekaru kafin ya zo, wannan bai hana mu fita sallar husufi ba.

Ɗalibai sukan tambaye mu game da hadisin yawaitar girgiza kusa da tashin Alƙiyama. Hadisin ingantacce ne, amma ɗora shi a kan wata shekara ta musamman aiki ne da yake buƙatar taka-tsantsan. Masana sun ƙiyasta cewa ana yin girgiza kusan 500,000 a shekara da na'ura za ta iya ji, mutane suna jin kimanin 100,000, wajen 100 ne suke ɓarna. Manya masu maki 7 zuwa sama kuwa sukan kai kimanin 15 a shekara, kuma wannan adadi bai nuna wani hauhawa mai ɗorewa ba tun da aka fara aunawa. Abin da ya ƙaru shi ne na'urori, da wayoyin da ke kawo mana hoto cikin minti ɗaya, da yawan mutanen da suka cunkushe a biranen da ke kan tsaga. Haka nan a yi hattara da masu cewa sun san ranar da za a yi ta. Bayan ta Turkiyya an yi ta yaɗa maganar wani mutumin Holan da yake hasashe da jeruwar taurari, har wasu masu kyamar bokaye suka taya yaɗawa. Masana suna iya cewa tsaga kaza ta daɗe ba ta motsa ba, akwai haɗari a kanta cikin shekaru masu zuwa, amma babu wata hanya tabbatacciya ta faɗin rana da sa'a. Abin da Japan da Mexico suke da shi gargaɗi ne na daƙiƙoƙi: na'ura ta ji igiya ta farko, saƙon lantarki ya riga ta biyu isa gari, jirgin ƙasa ya tsaya, yara su shige ƙarƙashin tebur.

Ɓangare na biyu na laifin, wato sakaci da rayayyu, ya fi na farko tsada. A Janairun 2010 girgiza mai maki 7.0 ta auka wa Haiti, ta kashe fiye da mutum 100,000 ko a ƙiyasi mafi ƙanƙanta. Bayan mako shida mai maki 8.8 ta auka wa Chile, ƙarfinta ya ninka na Haiti kusan sau 500, waɗanda suka mutu kuwa 500 ne da 'yan kai. Akwai bambancin nisa da zurfi, amma babban bambancin shi ne Chile tana da dokar gini da ake bi. Girgiza tana tura gini ne ta gefe, alhali magini na gargajiya nauyin sama kawai yake lissafawa. Ginin da aka ɗaure ginshiƙansa da rodi isasshe yakan yi lilo ya tsage amma ya tsaya har mutane su fita. Wanda aka rage wa rodi da siminti, ko aka cire ginshiƙan ƙasa don a faɗaɗa shago, hawa-hawansa sukan kife a kan juna. A Turkiyya, inda fiye da mutum 50,000 suka rasu, an yi wata afuwa a 2018 da ta halatta gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba idan an biya kuɗi. A Myanmar rahotanni sun nuna cewa masallatai da yawa tsofaffi ne da aka daɗe ana neman izinin gyara su ba a samu ba. Idan lalle ana neman zunubi a cikin girgizar ƙasa, ga inda za a same shi da hujja: ha'incin ɗan kwangila, da cin hancin mai duba gini, da zaluncin mai hana gyara. Cewa "ƙaddara ce" ba ta wanke ɗayansu. Sayyidina Umar da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba bai ga saɓani tsakanin imani da ƙaddara da guje wa halaka ba.

Mu a Najeriya da Nijar Allah Ya zaunar da mu a tsakiyar farantin Afirka, nesa da ɗinki, a kan tsohon dutse. Wannan ni'ima ce, amma tsakiyar faranti ma tana da tsofaffin tsagogi da sukan motsa jifa-jifa. An ji motsin ƙasa a Kwoi ta jihar Kaduna a Satumbar 2016, da Mpape a Abuja a Satumbar 2018, har hukumomi suka dakatar da fasa dutse a yankin na wani lokaci, aka sake ji a Mpape a 2024. Akwai cibiyar da ke sa ido a kan haka a Toro ta jihar Bauchi. A Accra girgizar 22 ga Yuni, 1939 ta kashe mutum 17, a arewa maso yammacin Gini kuwa ta Disambar 1983 ta kashe ɗaruruwa, a yankin da ba a saba jin ta ba. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne gine-ginenmu suna faɗuwa ƙasa tana zaune lafiya. Bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi a Nuwambar 2021 ya kashe fiye da mutum 40. Wata makaranta ta rufta a Jos a Yulin 2024 ta kashe 22, galibinsu ɗalibai. A Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, gini mai shekara kusan 200, ya faɗo wa masu sallar La'asar. Ginin da bai iya ɗaukar nauyin kansa ba, yaya zai yi ranar da aka kaɗa shi ko da daƙiƙa biyar?

'Ya'yanmu da ke karatu a Turkiyya da Masar da Indonesiya, da 'yan kasuwarmu masu zuwa China, su san abin yi idan ta same su a ɗaki: a durƙusa, a shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, a kare kai da wuya har motsin ya tsaya, sa'an nan a fita ta matakala, kada a shiga lifta, kada kuma a koma cikin ginin da ya tsage domin wata tana iya biyowa.

Mu kuwa da muke gida, mu fara da masallatanmu. Mun sha zama a kwamitin gini inda aka yi awa guda ana muhawara a kan tsawon hasumiya da launin tayil, da aka zo kan kuɗin injiniya sai aka ce a bar wa magini, ai ya saba. Mun ga an ɗora bene a kan masallacin da aka yi wa harsashin hawa ɗaya, saboda wani bawan Allah ya ba da bulo kuma ana jin nauyin mayar masa. A saman nan ne ake zuba yara ɗari biyu na Islamiyya kowace yamma. Limamin da ya ga tsaga ta ratsa bango ko ginshiƙi, ya kira injiniya ya duba tun kafin Juma'a mai zuwa, idan an ce a rufe sashen a rufe, a shimfiɗa tabarmi a waje. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu a Mandalay da Antakya da ƙauyukan Atlas da Zariya, Ya karɓi shahadarsu.